Daji Da Ruwan Zartsi

Jama'a, kowa ya san ruwa iri biyu ne a baki. Akwai ruwan daɗi, akwai na zartsi. Ruwan zartsi shi ne wanda gishiri ko kanwa suka yi wa yawa. Ba ya kashe ƙishirwa, shuka kuwa ba ta son sa. Mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama, Allah ya ba mu ruwan daɗi a gulbin Zamfara da ƙoramunmu da yawancin rijiyoyinmu. Da shi muke noman albasa da shinkafa da tattasai. Amma ruwan daɗi yana iya komawa na zartsi. Karatunmu na yau a kan yadda wannan ke faruwa ne, da yadda itatuwan daji ke tsare mu daga gare shi.

Da fari sai mu tambaya, ina gishirin yake fitowa? Ba wanda ya zuba shi. Tun asali yana cikin ƙasa da duwatsu. Ruwan sama ma yana zuwa da ɗan kaɗan, ƙurar hunturu tana kawo wani. Abin bai kai harshe ya ji ba, amma shekara dubbai yana taruwa. A inda ruwan sama ke da yawa, kamar ƙasashen kurmi, ruwa yakan wanke shi ya kai shi teku. A ƙasa mai ƙarancin ruwa da zafin rana kamar tamu ba ya wankuwa duka. Sai ya kwanta can ƙarƙashi. Muddin yana can, ba ruwansa da kowa.

Abin da ke tashinsa shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa, watau ruwan nan da mai haƙar rijiya ke tararwa. In ruwan nan ya taso sama, sai ya narkar da gishirin ya taho da shi. Ku dubi fitilar kananzir. Man yana ƙasa, amma yana bin lagwani ya hau har inda wuta take. Haka ƙasa take tsotso ruwa in ya matso kusa, kamar gaba ɗaya ko biyu. Ya zo sama rana ta shanye shi, gishirin kuwa rana ba ta ɗaukarsa, nan zai zauna. Mata sun fi mu sanin wannan. In an bar miya a kan wuta ta tsane, gishiri yakan yi mata yawa, ko da ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya ba.

Ba sai mun yi nisa ba mu ga misali. Yamma da mu, in an wuce Kamba an shiga Jamhuriyar Nijar, akwai kwarin Foga a yankin Gaya. Tsohuwar hanyar kogi ce da ta daina gudu tun zamanin da ba wanda ya sani. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa ƙwarai a wurin, saboda haka da rani ƙasa takan yi fari fat. Mutanen garuruwa irin su Kawara Debe sukan kankare ƙasar nan, su zuba mata ruwa su tace, su dafa ruwan har ya ƙone ya bar gishiri. Shi ne gishirin Foga. Tun bayan da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega wajen 1820, fatake suna kawo shi kasuwarmu a kan jakuna, daga nan ya wuce Nufe da ƙasar Yarabawa. Ku tambayi tsofaffi, za su gaya muku. Ga mai dafa gishiri farar ƙasar nan arziki ce. Ga mai albasa kuwa, in ta fito a fadamarsa, hasara ce.

To, ina ruwan itace da wannan magana?

Itace mashayin ruwa ne. Saiwar gero ba ta nisa, kuma wata uku zuwa huɗu ne aikinta ya ƙare. Saiwar gawo da kirya da marke da tsamiya kuwa tana nutsawa gaba da yawa, tana sha shekara da shekaru. Gawo ma da rani yake ganye, lokacin da sauran suka kaɗe, domin can ƙasa yake samun ruwansa. Inda daji yake tsaye, yawancin ruwan da ya sauka itatuwa da ciyawa ne ke shanye shi su mai da shi sama ta ganye. Kaɗan ne ke wucewa ƙasa. Saboda haka ruwan ƙarƙashi yana zaune a mazauninsa, gishiri ma yana nasa.

Mutanen Ostireliya sun koyi wannan karatu da tsada. Ƙasa ce mai nisa, can gabas bayan teku. Kudu maso yammacinta daji ne na itacen turare, ruwan sama kuwa ba shi da yawa in an shiga ciki. Da Turawa suka zauna can, suka yi ta tumɓuke dajin suna shuka alkama, suna kiwon tumaki. Ba a jima ba ma'aikatan jirgin ƙasa suka ga ruwan da suke zuba wa injin jirgi ya fara zartsi yana cin tukunyar. Wani injiniyansu, sunansa W. E. Wood, ya bi diddigin abin. A 1924 ya rubuta cewa duk ƙoramar da aka share dajinta ita ce ke yin gishiri. Ba a kula da maganarsa sosai ba, aka ci gaba da sara.

Daga baya masana suka yi gwaji a yankin kogin Koli. Suka zaɓi ƙananan kwaruruka biyu maƙwabtan juna, kowane da ƙoramarsa. Tsakanin 1976 da 1977 suka share dajin ɗaya ƙaf, suka bar na ɗayan. Suka dinga auna ruwa shekara shekara. A inda aka share, ruwan ƙarƙashi ya yi ta hawa, gishirin da ƙoramar ke fitarwa ya ninka sau da yawa. A inda aka bari, ƙorama tana nan yadda take. Babbar madatsar ruwa da ke kan kogin Koli, wadda ake kira Welinton, ruwanta ya yi zartsi har aka daina kai wa garuruwa don sha, sai da aka gina wata madatsar a 1990. Gwamnati ta kafa dokar hana share daji a yankin tun 1976, amma gishirin da ya riga ya taso bai koma da wuri ba.

Ga wurin da nake so ku riƙe da kyau. A cikin ƙasar nan akwai dazuzzukan da ake yankan katako, amma bisa tsari. A yanki wani sashe, a bar iyaye, a bar toho ya tashi, sai bayan shekaru masu yawa a komo. A irin waɗannan wurare ruwan ƙarƙashi yakan ɗan hau na 'yan shekaru, da itatuwa sun sake girma sai ya koma. Ƙoramunsu ba su lalace ba. Ashe ba gatari ne ke kawo zartsi ba. Tumɓukewa ce, da hana daji komowa.

Wani zai ce, wannan ai ƙasar Turawa ce. To, ga na kusa. Gabas da Yamai, babban birnin Nijar, an share daji da yawa an mai da shi gonakin gero. Masana sun auna rijiyoyin wurin, suka tarar daga 1963 zuwa 2007 ruwan ƙarƙashi ya hau wajen mita 4, alhali kuwa a tsakanin nan ne aka yi manyan farin nan na 1973 da 1984. Dalili shi ne ƙasar da ba ta da itace takan yi fako. In an yi ruwa sai ya kwarara gaba ɗaya zuwa tafkuna, daga can ya nutse ƙasa. Mai rijiya a kan tudu zai ce madalla, ruwa ya matso. Amma ku tuna da lagwanin fitila. A kwari da fadama, inda ruwa yake kusa tun dā, ƙarin gaba ɗaya ya isa ya fito da gishiri ko kanwa. Ga kuma yashin da kwararar ke kwasowa daga tudu tana binne fadama da shi.

A nan ƙasarmu akwai abu na biyu da ke taimakon na farkon, shi ne ban ruwa. Dā da jigo ake yi, mutum ya ɗebo iyakar ƙarfinsa. Tun da aka soma shirin Fadama a farkon shekarun 1990, rijiyar burtsatse da injin ban ruwa suka bazu, yanzu yaro ɗaya yana iya malale eka guda kafin azahar. Abu ne mai kyau, ya ƙara mana abinci da kuɗi. Sai dai kowane ruwa da ɗan gishirinsa. Ku ɗauko alli mu yi lissafi.

Ruwan teku yana da gishiri giram 35 a lita ɗaya. Ruwan sha mai kyau bai cika wuce rabin giram a lita ba. In ya haura giram 1 baki ya fara ji. Mu ce ruwan rijiyarka rabin giram ne, watau mai daɗi. Albasa daga dashe zuwa cira tana iya shan lita miliyan 2 a eka ɗaya. Rabin miliyan 2 miliyan 1 ke nan. Giram miliyan 1 kuwa kilo 1,000 ne, watau buhu 20 mai kilo 50. Buhu 20 a eka ɗaya, a rani ɗaya! Abin da ke cetonmu shi ne damina da ambaliyar gulbi, su ke wanke shi su tafi da shi. Amma in ruwan ƙarƙashi ya riga ya taso ya cika ƙasa, wankin ba shi da inda zai bi. Gishirin bara ya tarar da na bana.

Albasa kuwa, wadda sunan Aliero ya kai ko'ina saboda ita, tana cikin shukokin da suka fi kowa rashin jimirin gishiri. Ita da karas. Tumatir ya fi ta haƙuri kaɗan. Alkama da auduga da dabino su ne masu jurewa. In gishiri ya yi yawa, saiwa ba ta iya jan ruwa ko da ƙasa tana da danshi. Sai ka ga bakin ganye ya ƙone, shuka ta tsumbure, kan albasa bai yi girma ba. Manomi ya zaci yunwa ce, ya ƙaro takin zamani. Takin zamani kuwa shi ma dangin gishiri ne, in ya wuce ƙa'ida ƙara cutar yake yi. Nan ne kuɗin mutane da yawa ke tafiya a banza.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Da rani ka duba kan kunya da gefen fangali, ko akwai farin gari kamar an barbaɗa toka. Ka duba ko akwai gurbin da iri ba ya tsira shekara biyu a jere. Ka lura da inda awaki da jakuna ke tsayawa suna lasar ƙasa. In kanwa ce ta yi yawa, ƙasar takan yi santsi in ta jiƙe, ruwa ya kwanta a kai ya ƙi nutsewa, in ta bushe ta yi tauri kamar daɓe.

In ka ga haka, kada ka dinga ba da ruwa kaɗan kaɗan kullum, wannan jawo gishiri sama yake yi. Ka ba da mai yawa lokaci guda ya ratsa ƙasa, kuma ka haƙa lambatu a gefen gona mai zurfi yadda ruwan zai sami mafita. Ka yawaita takin gargajiya. Ka rufe ƙasa da ɓuntun shinkafa ko ciyawa don rana ta rage sha. Ka nemi malamin gona na hukumar KARDA ya zo ya gani. Masana suna da ɗan ƙaramin ma'auni da ake tsomawa cikin ruwa ya nuna yawan gishirinsa nan take. Jami'ar kimiyya da fasaha da Jihar Kebbi ta kafa a Aliero a 2006 tana da sashen aikin gona, gonar gwajinta kuwa tana fadamar Jega.

Amma babban aikin yana kan tudu, can inda ƙorama ta faro. Ba wanda zai ce a daina yin itacen wuta, da me za a dafa tuwo? Abin da ake nema shi ne a yi sara irin na mai niyyar komowa baɗi. A sassare rassa a bar gindi. Kada a ƙona kututture. Mai gawayi da ke bin kirya yana kayarwa ɗaya bayan ɗaya, ya sani kirya tana shekaru masu yawa kafin ta kai yadda ya same ta. Itatuwan bakin ƙorama kuwa, a ganina, ya kamata mai gari da dattawa su hana taɓa su sam, ko na wane ne.

Manoman Maradi sun nuna hanya mai sauƙi, suna kiranta sassaben zamani. Tun wajen 1983 aka fara yaɗa ta. In an zo sharar gona, ba a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture. Sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a yanke sauran, a riƙa yi musu aski kowace shekara. Saiwar tana nan da ranta tun dā, saboda haka yakan yi saurin girma fiye da dashe, kuma ba a sayen iri ko leda. Da wannan dabara aka mai da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakin kudancin Nijar. Ƙalgo da sabara da gawo da suke bari, duk akwai su a gonakinmu, mu ne ke sare su kowace bazara.

Kafin aji na gaba ga aikin da za ku yi. Kowa ya ɗebo ruwa cikin kofi ɗaya daga inda yake ban ruwa, ko rijiya ko ƙorama. A tace shi da tsumma mai tsabta, a zuba a baƙar tasa, a ajiye a rana inda ƙura da kaji ba za su kai ba, har ya ƙafe. Ku zo da tasoshin mu jera su, mu rubuta sunan kowace rijiya a allo, mu ga wadda farinta ya fi yawa. In damina ta wuce za mu sake, mu gwada da na yanzu.