Yadda Wayoyi Biyu Ke Jan Juna Idan Lantarki Na Gudana

Ɗalibin da ya fara karatun kimiyya yakan haddace cewa caji iri ɗaya korar juna suke yi. To amma idan aka shimfiɗa wayoyi biyu kafaɗa da kafaɗa, aka tura lantarki a cikinsu ta fuska ɗaya, sai su jawo juna. In kuwa aka juya kwararar ɗayansu, nan take su ture juna.

Asalin gano wannan al'amari shi ne shekarar 1820, lokacin da Hans Oersted na ƙasar Danmak ya lura allurar kamfas tana karkata idan an kusantar da ita ga waya mai lantarki. Da labarin ya isa birnin Paris, Andre Ampere bai yi wata-wata ba, cikin 'yan makonni ya nuna cewa ko babu ƙarfen maganaɗisu, waya kan ja 'yar'uwarta. Dalili kuwa, kowace waya tana kewaye kanta da zobba na ƙarfin maganaɗisu, ita kuma ɗayar, da yake tana cikin zobban, dole ta ji ja ko turi.

Sai dai ƙarfin ba shi da yawa. Wayoyi biyu masu amfiya ɗai-ɗai, da tazarar mita 1 tsakaninsu, ƙarfin da ke kan kowace mita ta waya kashi 2 ne cikin miliyan 10 na niyuton, wanda bai ko kusa da nauyin ƙwayar gero ba. Duk da ƙanƙantarsa, da shi aka ayyana ma'aunin amfiya a duniya tun daga 1948, har zuwa 2019 da aka koma dogaro da cajin ilektiron.

Inda abin yake da haɗari shi ne, ana ninka lantarkin waya ta farko ne da na ta biyu, kuma ƙarfin na ƙaruwa gwargwadon kusancinsu. A ce wayoyi sun haɗe a tashar rarraba wuta, amfiya 10,000 ta bi ta kowane ɗaya daga sandunan tagulla biyu masu tazarar santimita 10. A nan kowace mita za ta ɗauki niyuton 200, kwatankwacin nauyin kilo 20, kuma farat ɗaya. Wannan ya isa ya lanƙwasa sanda ko ya fasa abin da ke riƙe da ita. Shi ya sa injiniyoyi ke ɗaure sandunan tamau a kan matokarai masu ƙwari, suna lissafi da lantarkin ranar haɗari, ba na yau da kullum ba.