Yadda Masu Tsaron Gaɓar Amurka Suka Sami Rigarsu

Shekara da shekaru, da wuya mutum ya bambanta dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka da sojan ruwa, domin kayansu kusan iri ɗaya ne, sai 'yar alamar garkuwa a hannun riga. Rundunar kuwa tun 1915 take da sunanta.

Admiral Chester Bender, wanda ya shugabance ta daga 1970 zuwa 1974, shi ne ya raba gardama. Ya fito da shuɗiyar kwat, hafsa da ƙaramin soja kowa ita zai sa.

To, ina muƙami? Na ƙananan yana hannun hagu: mikiya a sama, jajayen igiyoyi a ƙasa, alamar sana'a a tsakani. Ƙugiyar jirgi biyu a gicciye, wato mai kula da igiyoyi da kwalekwale ke nan.