Maƙeran Madaidaicin Kyamara

Duk wanda ya saba kallon bidiyon biki ya san irin hoton nan mai sa jiri. Amarya na tahowa a tsakiyar ƙawayenta ranar kamu, mai ɗaukar hoto yana ja da baya a gabanta, hoton kuwa sai karkarwa yake yi. Bango ya karkata dama ya dawo hagu, fuskar da aka biya kuɗi don a gani ta fice daga allo ta sake shigowa. Galibi kyamarar ba ta da laifi, shi ma yaron ya yi iya ƙoƙarinsa. Hannun ɗan Adam ne ba ya tsayawa cak, balle mai hannun yana tafiya. Maganin abin wani ƙarfe ne da ake ɗora kyamara a kansa, madaidaicin kyamara, kuma akwai wata 'yar sana'a mai daɗin sha'ani ta haɗa shi da hannu, daga bututun famfo da noti da tsohon boris.

Ba sana'a ba ce mai layinta a kasuwa irin na maƙera ko dukawa. Aiki ne na mutum biyu: mai kyamara wanda ya san abin da yake son gani a allo, da mai walda ko mai aikin famfo wanda ya san halin ƙarfe. Idan ɗaya ya raina ɗaya, abin da za a samu sanda ce mai nauyi kawai.

Asalin na'urar daga Amurka ne. Wani mai ɗaukar hoto, Garrett Brown, shi ya ƙirƙiro Steadicam, wadda ta fito a shekarar 1975. Kafin ita, in ana son kyamara ta bi ɗan wasa ba tare da girgiza ba, sai a shimfiɗa dogo a ƙasa a tura ta a kan keke, aikin da ke cin lokaci da kuɗi, kuma ba ya hawa bene. Brown ya raba kyamara da jikin mai ɗauka. Ya yi wata riga mai ƙarfi da ake ɗaurawa a ƙirji da ƙugu, da wani hannun ƙarfe mai sifirin da ke shanye tashi da saukar tafiya, sai sandar da kyamara ke samanta, batir da ƙaramin allo suna ƙasanta. Duniya ta san ta ne a fim ɗin Rocky na 1976, inda kyamara ta bi jarumin da gudu har saman matakala 72 na gidan adana kayan fasaha na birnin Filadelfiya. A 1978 aka ba Brown lambar Oscar saboda wannan ƙirƙira, a 1980 kuma Stanley Kubrick ya sa aka sauko da ita kusa da ƙasa tana bin yaro a kan kekensa cikin lungunan otel a fim ɗin The Shining. Sai dai cikakkiyar Steadicam ta manyan finafinai kuɗinta dubban daloli ne masu yawa, abin da ɗalibi ko mai ɗaukar biki ba zai ko taya ba.

Wanda ya sauko da ita kasuwar talaka shi ne Johnny Chung Lee, wanda daga baya ya yi digirin digirgir a Jami'ar Carnegie Mellon, ya kuma yi aiki da Microsoft da Google. Tun yana ɗalibi ya haɗa nasa madaidaicin da kayan famfo na dala 14, ya baza bayanin yadda ake yi kyauta, mujallar Make kuma ta buga shi a fitowarta ta farko a 2005. Kayan ba su da yawa: guntayen bututun ƙarfe uku masu kaurin rabin inci, kowanne tsawonsa wajen inci 10, da mahaɗa mai baki uku, da murafun bututu uku, da faifan ƙarfe na masu ɗaga nauyi wanda ya ɗan haura kilo ɗaya, sai kusoshi masu noti da 'yan washa. Bututu biyu su miƙe tsaye, kyamara a sama, nauyi a ƙasa, na ukun ya fito ta gefe ya zama mariƙin hannu na biyu. Shi ke nan. Babu sifirin, babu batir, babu waya. Da jama'a suka yi ta nema, har haɗaɗɗe ya riƙa sayarwa ga waɗanda ba su da kayan aiki.

Me ya sa wannan ɗan abu yake aiki? Girgizar da ke ɓata hoto ba matsawar kyamara gaba ko baya ba ce, juyawarta ce. Wuyan hannu ya ɗan karkata kaɗan, abin da ido ba zai ma lura da shi a hannun ba, amma a allo sai ka ga gini ya yi tsalle, kuma in an jawo hoto daga nesa abin ya ninka. Ƙaramar kyamara ko waya ba ta da nauyin da za ta yi wa hannu gardama, duk inda ya karkata sai ta bi. To, dubi ɗan ga-ruwa da sandarsa a kafaɗa, garwa ɗaya gaba ɗaya baya. Sandar nan ba ta juyawa farat ɗaya, don nauyin yana can nesa a bakuna biyu, shi kuma yana daidai tsakiya inda nauyin ya rabu. Dubi kuma tafiyarsa: gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, ruwa bai zuba ba. Ilimin madaidaicin kyamara ke nan gaba ɗayansa. A nisanta nauyi, a riƙe a inda ya daidaita, a gyara tafiya.

Kayan haɗin babu wanda za a nema a rasa a Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai. In babu faifan masu ɗaga nauyi, dutsen sikeli ko tarin manyan washa sun wadatar, washa ma sun fi, domin ana iya ƙara ɗaya a rage ɗaya har a dace. Mai aikin famfo zai yanka bututun ya fitar masa da haƙora a kowane baki. Sauran aikin huda murafu biyu ne a tsakiya, ɗaya na kyamara, ɗaya na nauyi, kuma a nan ake gane gwani. Murfin bututu bayansa a dunƙule yake, bakin injin huda yana zamewa a kansa. Mai haƙuri zai fara sa alama da ƙusa da guduma, ya damƙe murfin da kyau, ya fara da siririn baki kafin ya sa babba. In hudar ta kauce ko ta karkace, kyamara za ta zauna a karkace har ranar da aka canza murfin.

Akwai wata kusa guda da ta fi duk sauran kayan muhimmanci, ina kuma roƙon duk mai son wannan aiki ya kula da ita. Ramin da ke gindin kusan kowace kyamara ma'auninsa ɗaya ne a duniya: kauri rubu'in inci, haƙora 20 a kowane inci. A kasuwanninmu kuwa kusar da ta fi yawa ita ce mai milimita 6, wadda a ido ba ta da bambanci da waccan. Za ta shiga zagaye ɗaya ko biyu ta cije. Mai gaggawa sai ya sa ƙarfi, nan take ya cinye haƙoran gindin kyamarar da ta ninka kuɗin madaidaicin sau ɗari. Tsawo ma abin lura ne, ramin ba shi da zurfi, doguwar kusa tana iya fasa cikin kyamara. Shi ya sa masu hankali suke cire kusar daga tsohuwar ƙafar kyamara da ta karye, ko su tafi kasuwa da faifan ƙafar su gwada, su kuma sa noti mai kunne a ƙasa wanda zai matse gindin kyamarar daga waje.

Wani abin kuma na lafiyar mai walda ne. Farin bututun ruwa an shafe shi da sinadarin zinki don kada ya yi tsatsa, in wutar walda ta taɓa shi yana tayar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Tsarin Lee ba ya buƙatar walda ko ɗaya, ɗauri ne kawai. In dole sai an yi walda, a nemi baƙin bututu, a yi aikin a fili.

Tsarin Lee shi ne samfurin farko, wanda hannu ke riƙe sandar kai tsaye. Na biyun ya fi wuya, ya kuma fi daɗin hoto: a raba hannu da sandar ta hanyar mahaɗa mai juyawa ko'ina. Masu haɗawa suna amfani da ƙaramin boris mai lamba 608, wanda raminsa milimita 8 ne, faɗinsa 22, su zura siririyar sanda a ciki, su kewaye shi da zobba biyu na bututun roba, kowanne yana lilo a cikin ɗan'uwansa. Hannu ya karkata yadda ya ga dama, sandar tana nan tsaye. A nan ne zaman mai kyamara da mai ƙarfe yake tsawo. "Maigida, a ɗan matsar min da ita baya, hancinta na faɗuwa." A kwance, a matsar da kaurin ƙwayar shinkafa, a ɗaure, a sake ɗagawa. Yanzu kuma ta koma hagu, don an buɗe ɗan allon gefe. Abin da sabon shiga bai sani ba, komai yana da nauyi: batir, katin ajiya, murfin gilashi, har igiyar rataya. Dole a daidaita kyamara a yadda za a yi aiki da ita, in an canza gilashi a koma farko.

Gwajin ƙarshe sananne ne a wajen masu wannan aiki. A kwantar da sandar a kwance, a sake ta, a ƙirga lokacin da za ta ɗauka kafin ta miƙe tsaye. Daƙiƙa biyu zuwa uku ake so. In ta faɗo da sauri, ƙasa ya yi nauyi, kuma duk lokacin da mai ɗauka ya tashi ko ya tsaya za ta yi ta reto. In ta ƙi saukowa, sama ya rinjaya, kyamara na iya kifewa. Yawancin masu farawa suna cika nauyi a ƙasa, suna ganin nauyi shi ne natsuwa, su ƙare da ciwon kafaɗa da hoto mai lilo.

Akwai wasu dabarun da ba sa buƙatar ko boris. Mike Figgis, daraktan Ingila, ya fito da zobe mai siffar sitiyari da kyamara a tsakiya, kamfanin Manfrotto na Italiya ya ƙera shi da sunan Fig Rig, ana kuma kwaikwayonsa da bututun roba. Nisan da ke tsakanin hannuwa biyu shi ke rage karkarwa. Sam Raimi kuwa, a fim ɗinsa The Evil Dead na 1981, a tsakiyar katako ya ɗaure kyamara, mutum biyu suka kama bakunansa suka ruga cikin daji.

Amma ƙarfe rabin aiki ne, ragowar yana jikin mai ɗauka. Madaidaicin gida ba shi da hannun sifirin irin na Brown, saboda haka gwiwa da gwiwar hannu su ne sifirin. A sauke diddige a hankali, a mirgina zuwa yatsu, taku gajere a kan layi ɗaya, hannu a ɗan nesa da jiki ba a manne da haƙarƙari ba. Hannun da ke riƙe ya ɗauki nauyi, ɗayan ya taɓa sandar da kan yatsu kawai don nuna mata hanya, in ya damƙe ta ya mayar da duk girgizar da aka kora. A buɗe gilashi ya ɗauki fili, a bar jawo hoto daga nesa. Farkon tashi da tsayawa su ne mafi wuya, ba tsakiyar tafiya ba. Wanda zai yi ja da baya a gaban amarya, ko ya bi gefen dawaki ranar Hawan Daushe, ya samu wani ya riƙe masa riga ta baya yana gane masa hanya. Iskar hunturu tana ture kyamara mai sauƙin nauyi, ƙurarta kuma tana shiga boris ta sa shi cijewa, don haka a riƙa wanke shi ana ɗiga masa mai marar kauri. Ƙarfe in ya sha rana ba ya riƙuwa, robar tsohon tayar keke da aka naɗe a mariƙi tana maganin wannan.

Za a ce ai zamani ya wuce nan. Tun da Freefly ya fito da MoVI a 2013, DJI na ƙasar Sin ya biyo da Ronin a 2014, madaidaici mai batir da ƙananan injuna ya cika duniya, wayoyi ma yanzu suna rage girgiza da kansu. Gaskiya ne, kuma wajen tsayar da hoto daidai ba karkata na lantarki ya fi. Sai dai da dala ake shigo da shi, yana son caji a garin da wuta ba ta da tabbas, in injinsa ɗaya ya ƙone mai gyara sai an tona. Shi ma kuma ba ya hana hoto tashi da sauka in mai ɗauka bai iya tafiya ba, ba ya kuma aiki da kyau sai an daidaita nauyin kyamara a kansa tukuna. A ganina yaron da ya fara da bututu, ya san inda nauyi yake da yatsunsa, ranar da na lantarki ya zo hannunsa zai fi wanda ya fara da danna maɓalli.

Ba baƙon abu ba ne a wajenmu a yi fim da abin da ke hannu. Masana'antar Kannywood da kyamarar bidiyo ta tashi, tun Turmin Danya a 1990. Yaran nan na Kaduna da ake kira The Critics, waɗanda labarinsu ya zaga duniya a 2019, da waya mai fasasshen gilashi suka fara, ƙafar kyamararsu kuwa karyayyen ƙarfen makirufo ce. Abin da ya rage shi ne masu ƙarfe su ɗauki wannan a matsayin aiki na gaske. Maigida mai walda, in yaro ya zo maka da waya da zane a takarda, kada ka sallame shi don aikin bai kai ƙofa ko taga kuɗi ba. Ka zauna da shi ku gwada. Masu ɗaukar biki da walima da saukar karatu suna da yawa a kowace unguwa, in na farko ya yi kyau shi zai kawo maka na biyu.