Launi Ɗaya Mai Haske a Ɗakunan Gida

Ya kai ɗalibi, ka taɓa shiga wani ɗaki da rana tsaka, amma ka ga duhu kamar magariba ta yi? Sau da yawa laifin ba na taga ba ne, na fenti ne. Mutum yakan kashe kuɗi mai yawa wajen gina gida, sannan launin da ya zaɓa ya hana shi jin daɗin zama a ciki. A wannan darasi za ka ga dalilin da ya sa masu gidaje da yawa suke shafa launi ɗaya mai haske a dukkan ɗakunansu.

Da farko, ka san sunayen launukan. Bahaushe yakan ambaci launi da sunan abin da ya yi kama da shi. Yakan ce ruwan madara, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro ko ruwan ɗorawa. Launukan da muke magana a kansu su ne fari, da ruwan madara, da ruwan toka mai haske, da ruwan ƙasa mai haske. Ba su da ƙarfi a ido, kuma suna dacewa da kowane launi da aka ajiye kusa da su.

Amfani na farko shi ne haske. Idan haske ya faɗa kan bango, bangon yakan shanye wani kashi, ya mayar da sauran. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken, baƙi kuwa yana shanye kusan dukkansa. Saboda haka ɗaki mai farin bango yana da haske ko da tagarsa ƙarama ce. Idan an ɗauke wutar lantarki da yamma, za ka iya ci gaba da karatu na ɗan lokaci. Da dare kuma, ƙwan lantarki ɗaya ko fitila ɗaya za ta ishe ka.

Amfani na biyu shi ne faɗi. Fenti ba ya ƙara wa ɗaki ko taku ɗaya, amma yana rinjayar ido. Bango mai duhu yana sa ka ji kamar ya matso kusa da kai. Mai haske kuwa yana sa ɗaki ya zama kamar ya buɗe. Idan falo da ɗakunan kwana da hanyar da ta haɗa su duk launi ɗaya ne, ido ba ya tsayawa a bakin kowace ƙofa. Sai ƙaramin gida ya yi kama da babba.

Amfani na uku shi ne tattalin kuɗi. Mu yi lissafi tare. A ce ɗaki yana da tsawon mita 4, da faɗin mita 3, tsayin bangonsa kuma mita 3. Kewayen ɗakin mita 14 ne. Idan ka ninka 14 sau 3, za ka sami murabba'in mita 42. Cire kamar 4 saboda ƙofa da tagogi, saura 38. Lita ɗaya ta fentin ruwa takan shafe kimanin murabba'in mita 10. Ke nan shafi ɗaya zai ci kusan lita 4, shafi biyu kuma lita 8. Bokiti mai lita 20 zai isa ɗakuna biyu, har a sami ragowa. Idan launin ɗaya ne, ragowar za ta yi amfani a ɗaki na uku. Idan kuwa kowane ɗaki da launinsa, ragowar takan bushe a banza.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun kafin zuwan fentin kanti, Hausawa suna shafa farar ƙasa a bangon ɗakunansu, musamman ɗakin amarya. A tsibiran ƙasar Girka ma, ana shafa wa gidaje farin launi daga waje, domin farin bango ba ya ɗaukar zafin rana kamar mai duhu.

Sai dai kowane abu da matsalarsa. Fari fat yana saurin nuna datti. Ƙurar hunturu, da hayaƙin girki, da hannun yara duk suna barin alama. Don haka ruwan madara ya fi dacewa da gida mai yara. A kicin da banɗaki, ka yi amfani da fentin mai, ko wani fenti da ake iya gogewa da ruwa, amma launin ya kasance ɗaya da na sauran ɗakuna. Wasu kuma suna cewa launi ɗaya ba ya ƙayatarwa. Maganin wannan yana wurin labule da darduma da kujeru, domin sauya labule ya fi sake fenti sauƙi.

Kafin a fara aiki, ka kula da abubuwa uku. Na ɗaya, a bar sabuwar filasta ta bushe sosai, in ba haka ba fentin zai ɓare. Na biyu, a shafa kaɗan a gefen bango, a dube shi da safe da rana da dare, domin launi yana sauya kama bisa ga haske. Na uku, a nemi fentin da ba shi da dalma, saboda dalma guba ce mai cutar da ƙwaƙwalwar yara. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Idan ka koma gida yau, ka dubi bangon ɗakinka da kyau. Wane launi ne? Yaya sunansa da Hausa? Yana ƙara maka haske ko yana rage maka? Ka rubuta amsarka cikin jimloli biyar, ka kawo wa malaminka.