Yadda manhajoji suka buɗe kundin majalisar birnin Shikago

Mazaunin birnin Shikago na ƙasar Amurka yana iya zama a ɗakinsa a yau, ya buɗe kwamfuta ko wayar salula, ya ga ƙudurorin da ke gaban majalisar birnin, da kansilan da ya gabatar da kowanne, da kuma yadda aka jefa ƙuri'a a kansa.

Shekaru ashirin da suka wuce, samun irin waɗannan bayanai yana nufin bin shafukan wani kundi mai kauri na ofishin akawun birnin, wanda galibi lauyoyi da 'yan jarida ne kawai ke da haƙurin karantawa.

Darasin 2008

Mutanen Shikago sun ɗanɗana kuɗarsu kafin su san muhimmancin wannan batu.

A watan Disamban 2008, majalisar birnin mai kansiloli 50 ta amince a bai wa wani gungun 'yan kasuwa, ƙarƙashin jagorancin bankin Morgan Stanley, hayar na'urorin karɓar kuɗin ajiye motoci a bakin titi kimanin 36,000. Hayar ta shekara 75 ce, a kan dala biliyan 1.15.

Kwana biyu kacal bayan magajin garin na lokacin, Richard Daley, ya bayyana yarjejeniyar aka kaɗa ƙuri'a. Kansiloli 40 suka goyi baya, 5 suka ƙi.

A shekarar 2009, babban jami'in binciken birnin, David Hoffman, ya fitar da rahoton da ya nuna cewa kuɗin da aka karɓa ya gaza darajar na'urorin da kusan dala biliyan ɗaya. A wasu unguwanni kuma, kuɗin ajiye mota na sa'a guda ya ninka sau huɗu. Har yanzu yarjejeniyar tana aiki.

Abin da doka ta tanada

Jihar Illinois, inda Shikago take, tana da dokar buɗe tarukan hukumomi ga jama'a tun 1957. Dokar ta wajabta a sanar da jerin batutuwan da za a tattauna aƙalla sa'o'i 48 kafin zama, a rubuta abin da ya gudana, sannan a fitar da rubutun cikin kwana 10 bayan an amince da shi.

To sai dai hukuma na iya cika wannan sharaɗi ba tare da jama'a sun ƙaru da komai ba. Idan aka ɗauki hoton takarda aka ɗora a intanet, kwamfuta ba ta iya neman kalma a cikinta sai an bi ta wata hanya ta daban. Mai neman sunan unguwarsu sai ya bi shafi bayan shafi.

Akwai kuma matsalar yawa. Majalisar Shikago na zartar da ɗimbin ƙananan ƙudurori a kowane zama, kamar izinin kafa allon kanti, da wurin ajiye mota na naƙasassu, da diyyar motar da ramin titi ya lalata. Babban ƙuduri na iya ɓacewa a cikinsu kamar allura a ruwa.

Yadda manhajojin ke aiki

Bayan wasu shekaru, ofishin akawun birnin ya koma amfani da manhajar Legistar, wadda birane da dama a Amurka ke aiki da ita. Manhajar tana bai wa kowane ƙuduri lamba, tana kuma bin sawunsa daga ranar da aka gabatar da shi, zuwa kwamiti, har ranar jefa ƙuri'a.

Amma da yake an tsara ta ne musamman domin ma'aikatan majalisa, mutane da yawa sun iske ta da wuyar sha'ani.

Wannan ne ya sa wasu masana kwamfuta masu aikin sa kai suka ƙaddamar da shafin Councilmatic na Shikago a 2013. Sun gina shi ne a kan wata manhaja da Mjumbe Poe ya fara rubuta wa birnin Filadelfiya a 2011, a ƙarƙashin ƙungiyar Code for America.

Manhajar tana ziyartar shafin hukuma a kai a kai, ta kwaso sababbin bayanai, ta jera su yadda za a iya bincike da kalma ko da sunan kansila. Tana kuma ware ƙananan ƙudurori na yau da kullum gefe guda, domin manyan su fito fili.

A 2023 ofishin akawun birnin, ƙarƙashin Anna Valencia, ya maye gurbin Legistar da wani sabon tsari nasa mai suna eLMS.

Inda na'ura ta tsaya

Majalisar birni ɗaya ce kawai daga cikin hukumomin da ke yanke shawara kan rayuwar mutanen Shikago. Akwai hukumar makarantu, da ta sufuri, da ta gidaje, da ta wuraren shaƙatawa, kowacce da shafinta da kuma tsarinta.

Wata kafar labarai mai zaman kanta, City Bureau, wadda aka kafa a 2015, ta jagoranci rubuta ƙananan manhajoji da ke tattaro ranaku da takardun tarukan waɗannan hukumomi wuri guda.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ɓullo da shirin Documenters, inda take horar da mazauna birnin, ta kuma biya su su halarci tarukan su rubuta abin da suka gani. Shirin ya bazu zuwa birane kamar Detroit da Cleveland.

Dalilin shi ne, rubutun hukuma yakan taƙaita ga matakin da aka ɗauka. Ba kasafai yake nuna tambayar da jami'i ya kauce wa amsawa ba, ko yawan mutanen da suka zo ƙorafi. Manhaja kuwa abin da aka zuba mata kawai take iya nunawa.

Sauran ƙalubale

Manhajojin da ke kwaso bayanai sukan daina aiki da zarar hukuma ta sauya fasalin shafinta, don haka suna buƙatar kulawa da kuɗi a kullum.

Akwai kuma batun makafi da kurame. A 2024 ma'aikatar shari'ar Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa jihohi da ƙananan hukumomi su gyara shafukansu yadda naƙasassu za su iya amfani da su.

Sannan ga batun lokaci. Da a ce a yau aka kawo yarjejeniyar 2008, mazauna birnin za su iya ganin takardunta cikin sauƙi fiye da wancan lokaci. Amma ko za a ba su isasshen lokacin karantawa da tuntuɓar kansilolinsu kafin a kaɗa ƙuri'a, wannan yana hannun majalisar ne.