MADARUNFA: GARIN DA KE CI DAGA TAFKI DA DAJI

Duk mutumin Garki ko Gumel da ya saba cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san mutanen Jumhuriyar Nijar, ya kuma san lissafinsu na dala da jika, inda dala ashirin take nufin sefa 100, jika guda kuwa sefa 1,000. To, amma ƙasar da ke bayan Maigatari ƙasar rairayi ce da ƙarancin itace, shi ya sa da yawa daga cikin mutanenmu suke zaton Nijar duk haka take. Wanda ya nausa yamma, ya bi ta Katsina da Jibiya ya ƙetare iyaka a Ɗan Isa, zai ga wata Nijar dabam, mai fadama da tafki da kurmi. A nan garin Madarunfa yake, kilomita 20 da 'yan kai kudu da Maraɗi.

Garin ba shi da girma. A ƙidayar 2012 mutanen cikinsa ba su wuce kimanin 12,000 ba, amma shi ne hedkwatar gunduma wadda ta haɗa ƙananan hukumomi shida, watau Madarunfa da Ɗan Isa da Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma. Hausa ake yi a kasuwa da masallaci da bakin tafki. Faransanci kuwa harshen lakwal ne da ofis da takardar jandarma, kuma ko shi ɗin matsayinsa ya ragu tun 2025, sa'ad da sabuwar dokar ƙasar ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

YAƘI NE YA RAINI DAJIN

Tarihin wannan yanki ba ya rabuwa da na Katsina. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna ta yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Daga nan aka shekara kusan tamanin ana kai wa juna hari tsakanin Maraɗi da Katsina. Ƙasar da ke tsakaninsu ta zama hanyar mahaya, ba mai son ya yi gona a inda za a kama shi da fartanya a hannu, saboda haka itace ya rufe ta. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya ratsa daga Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, sai da ya bi ta cikin jeji mai hatsari wanda ayari ba ya shiga sai da shiri.

Da Ingila da Faransa suka daidaita kan iyaka, aka kafa alamu tsakanin 1906 da 1908, sai hare-hare suka mutu, manoma suka shiga dajin da gatari. Abin da yaƙi ya tsare shekara da shekaru, zaman lafiya da noman gyaɗa suka cinye mafi yawansa. A 1950 Turawan Faransa suka keɓe hekta 830 a arewa da tafkin Madarunfa suka mai da shi gandun daji na gwamnati. Babban abin da ya saura shi ne dajin Baban Rafi, can wajen Gabi, wanda ya dangana da iyaka, dajin geza da sabara da taramniya. Har cikin shekarun 1990 akwai giwaye a cikinsa. Yau sai labarinsu.

Tafkin shi ne zuciyar garin. Gulbin Gabi ne ke cika shi, tare da ambaliyar Gulbin Maraɗi in damina ta yi kyau. Masunta na kama tarwaɗa da karfasa suna kaiwa Maraɗi, makiyaya na shayar da dabbobi, in ruwa ya ja baya kuma masu lambu su bi danshi su shuka. A kewayensa akwai kusheyin da mutanen garin suke cewa na waliyyai 99 ne, ana zuwa ziyara daga cikin Nijar da Nijeriya, ana sadaka, har waɗansu sukan ce ana ganin haske a kansu da dare. Nijar ta gabatar da gandun dajin da tafkin da kusheyin ga hukumar UNESCO a 2006, a 2019 kuma aka sa tafkin cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Sai dai ruwan ba daga Nijar yake tasowa ba. Gulbin Maraɗi shi ne kogin Gada na Jihar Katsina, ya shiga Nijar ya yi baka, ya komo Nijeriya ya faɗa kogin Rima. Da aka gama madatsar Jibiya a farkon shekarun 1990, ambaliyar da ke jiƙa fadamar ta ragu ƙwarai, duk da yarjejeniyar rabon ruwa da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri cikin Yuli 1990. Mutanen Haɗejiya, waɗanda suka ga abin da madatsun Tiga da Chalawa suka yi wa fadamarsu, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Manoman Jiratawa sun dogara ne ga rijiyoyin burtsatse da famfo, da su suke noman zogalen da gundumar ta yi suna a kansa.

KASUWAR ITACE

Abin da ya fi cancanta ma'aikatan gandun dajinmu su duba shi ne yadda aka sarrafa itacen girki. A da, dokar da aka gada daga Faransa ta ɗauki itace tamkar kayan gwamnati. Ɗan kasuwa ya sayi lasisi a birni, ya zo da mota da masu gatari, ya sare ya tafi, mutumin ƙauye kuwa in ya taɓa reshe sai tara. Wanda bai da rabo a itace, ina zai wahala wajen tsaronsa?

Cikin Agusta 1992 gwamnatin Nijar ta kafa dokar da ta juya al'amarin. Ƙauyen da ke bakin daji ya kafa kwamiti, a auna masa yankinsa, a ƙayyade masa yawan itacen da zai sara a shekara, a jera shi a kasuwar ƙauye ɗan kasuwa ya zo ya saya. A nan take ake karɓar haraji, kuma a dajin da aka tsara sosai rabin harajin na ƙauyen ne, kashi 40 cikin 100 na ƙaramar hukuma, baitulmali kashi 10 kacal. Baban Rafi, da yake shi ke ba Maraɗi itace, yana cikin wuraren da aka fara gwada wannan tsari. Ba a ce ya tafi daidai ko'ina ba. Maraɗi na ƙara girma, tukwane na ƙaruwa, kuma ƙayyade sara a takarda ya fi sauƙi bisa ga hana shi a cikin daji.

A gonaki ma an sami wani sauyi, wanda ake kira sassaben zamani. Tun daga 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya rinƙa nuna wa manoman Maraɗi cewa kututturen da suke sassabewa kowace shekara itace ne mai rai. A zaɓi toho mai ƙarfi a bar shi, a yi masa aski, cikin 'yan shekaru ya zama bishiya, ba tare da an sayi dashe ko an yi ban ruwa ba. Masu bincike sun ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Maraɗi da Damagaram ta kai hekta miliyan 5, kuma gawo na cikin itatuwan da suka fi amfana. A 2020 aka yi dokar da ta tabbatar wa manomi mallakar itacen da ya raina a gonarsa. Ƙasar Garki da Babura ba ta rasa irin waɗannan kututture ba.

Yanzu babbar damuwar gundumar ita ce tsaro. 'Yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina suna ƙetarowa ta dazuzzukan iyaka, suna kora shanu, suna sace mutane don kuɗin fansa, kuma tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Nijeriya suka fake a jihar Maraɗi. Dajin ya soma komawa abin da yake a zamanin mahaya, wurin da mai gatari da makiyayi suke shiga da fargaba. Kazalika rufe iyaka, na 2019 zuwa 2020 da na Agusta 2023 zuwa Maris 2024, ya daki cinikin Ɗan Isa da Jibiya baki ɗaya.

Cikin Fabrairu 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. Daga Jibiya, ta cikin gundumar Madarunfa aka zana ta za ta ratsa.