Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi, In Ji Kifi

Mai karatu, ko ka taɓa tsayawa a bakin ruwan Yelwa da sassafe ka ga masunci yana jefa birgi? Yana tsaye a bakin kwale-kwale, jirgin yana rawa, iska tana busawa, amma sai ka ga birgin ya buɗe ya sauka daidai inda yake so. In ka tambaye shi yadda ya san wurin, da ƙyar zai iya gaya maka. Sai ya ce, "Zo ka riƙe ka ji." Gama sanin nan ba a ka kaɗai yake ba. Yana cikin ƙafafunsa da kafaɗunsa da tafin hannunsa.

Yawancinmu mun ɗauka cewa tunani aikin kai ne, jiki kuwa jakin da ke ɗauke da kan ne kawai. Ashe ba haka ba ne. Mutanen bakin Kwara sun daɗe da sanin wannan, yanzu kuma masana sun gwada sun tabbatar.

Da Ruwa Ya Zo

A shekarar 1968 aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji. Tafkin da ya taru ya cinye tsibirai da gonaki da garuruwa, aka ta da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Cikinsu akwai Gungawa, mazauna tsibiran ƙasar Yauri, waɗanda suka shahara da noman albasa, da Kambari da Lopawa da Shangawa.

Ruwan da suka sani mai gudu ne, da duwatsunsa da mashigansa. Wannan sabon kuwa faffaɗa ne, mai zurfi, in iska ta taso sai ya yi igiya kamar teku. Babu littafin da ya koya musu zama da shi. Masunci ya shiga da jirgi yana gwada zurfi, yau nan gobe can, har ya gane inda kifi ya koma da inda kututturen itatuwan da ruwa ya rufe suke yaga taru. Manomi ya ga tafkin yakan ja baya kowace shekara ya bar ƙasa mai danshi. Ya bi gaɓa da ƙafa, ya damƙi ƙasa ya murza, ya gane inda shuka za ta yi. Daga Wara ta ƙasar Ngaski har zuwa Shanga, da tafiya da taɓawa aka warware matsalar, ba da zaman tagumi ba.

Abin da Masana Suka Gano

A shekarar 2014 waɗansu masana biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Marily Oppezzo da Daniel Schwartz, suka gwada ɗalibai. Sukan ba mutum sunan wani abu, su ce ya faɗi sababbin hanyoyin amfani da shi, sau ɗaya yana zaune, sau ɗaya yana tafiya. Dabarun da masu tafiya suka kawo sun ƙaru da wajen kashi 60 cikin 100. Ko bayan sun dawo sun zauna, kan bai rufe nan da nan ba. Amma a lura: inda tambaya take da amsa guda ɗaya tak, tafiya ba ta taimaka ba. Watau tafiya ta neman hanya ce, zama kuwa na auna hanyar da aka samo.

Hannu ma yana da nasa aiki. Susan Goldin-Meadow ta Jami'ar Shikago ta yi shekaru tana duban yadda yara suke nuni da hannu sa'ad da suke lissafi. A wani gwaji da aka buga a 2009, yaran da aka koya wa nuna lambobin da za a haɗa da yatsu biyu sun fi kama darasin bisa waɗanda suka yi da baki kawai. Mai sayar da albasa a kasuwar Yauri da ke kasa kayansa kashi-kashi yana ƙirgawa da yatsu, shi ma hannunsa yana rage wa kansa kaya ne.

Tsofaffi fa? A 2011 aka ba da labarin wani gwaji a Amurka da tsofaffi 120. Rabinsu suka riƙa tafiya da ɗan sauri sau 3 a mako har shekara guda. Da aka auna, sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tuni ya ƙaru da wajen kashi 2 cikin 100, alhali da tsufa raguwa yake yi. Wani ɓangare na dalilin shi ne, ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Abincinta ta jini yake zuwa, motsi kuwa shi ke sa jini gudu.

To, Mu a Gida Fa?

Zamani ya kawo mana babur da jirgi mai inji da wayar hannu. Dukansu suna da amfani. Amma yaron da kakansa ya tuƙa jirgi tun yana ɗan shekara bakwai, yau yana iya wuni a kan benci, ya dawo ya zauna da waya har dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa yara su sami motsa jiki na minti 60 kowace rana, manya kuma aƙalla minti 150 a mako.

Uwa, in lissafi ya gagari ɗanki, kada ki ce masa daƙiƙi. Ki ba shi tsakuwa ko ƙwayar wake ya kasa, ko ki aike shi ɗebo ruwa ya dawo ya sāke gwadawa. Malam, kada ka bugi hannun yaro don yana ƙirga da yatsu. Maigida, in maganar kuɗin makaranta ko ta gona ta yi zafi tsakaninka da uwargida, ku tashi ku taka zuwa bakin ruwa tare. Mutum biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, wuri ɗaya suke duba, ba idon juna ba. In kun dawo sai ku zauna ku yanke shawara.

Kaka kuma, kada a hana ta zuwa lambu ko kasuwa da sunan hutu, muddin tana da lafiya kuma likita bai hana ba. A ba ta jika ya raka ta. Ita za ta riƙe ƙarfinta da tuninta, shi kuwa zai koyi sunayen itatuwa da kifaye da tarihin tsibirin da ruwa ya rufe.